Goron da Afra'u ke son ya lalace

Adjamé, Abidjan
Maris 1998

Zuwa ga Yaya Zalihatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya Maraɗi, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai wani abu da ya faru a gidan nan wanda har yanzu bakina bai rufu ba.

Kin san Afra'unki ta ƙwallafa rai a kan ajin kimiyya, kuma sai da maki mai kyau ake shiga. To, malaminsu ya ce kowa ya yi gwaji da abin da ke gidansu. Mu me muke da shi in ba goro ba? Ta zuba kilo bibbiyu a kwando biyu, goro iri ɗaya, ganye iri ɗaya, ɗaki ɗaya. Ɗaya ta barbaɗa masa garin ganyen dogon yaro, ɗayan ta bar shi haka nan. Ta ce da wanda aka bari ake gane ko maganin yana hana tsutsa, don haka kada kowa ya taɓa.

Da lokaci ya cika, Yaya, sai ga kwandon da ba magani tas, ko ɗaya bai ɓaci ba! Ta auna a sikelin babanta, ta mai da kilo zuwa giram, tunda kilo ɗaya giram dubu ne. Dubu biyu ta zuba, dubu ɗaya da ɗari huɗu ta samu. Malamin ya ce bushewa ba ta cin giram ɗari shida, ko dai ta ƙirƙiri lissafin, ko da hannun wani. Yarinyar nan ta dawo tana kuka wai an ɗauke ta maƙaryaciya.

Ni har na fara zargin ɓera. Ashe maigidana Alhaji Kailu ne, ubanta! Wallahi sai da na zauna. Ya ce shi tun yana yaro bai taɓa wuce ruɓaɓɓen goro ya bar shi cikin masu kyau ba. Kullum kafin ya tafi rumfarsa ta kasuwar Treichville sai ya tsince waɗanda suka taɓu, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa. Wai taimakonta yake yi kada ta ji kunya a makaranta.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai, mutumin da bai taɓa taka makarantar ba, shi ya sa babbar riga ya je ya wanke 'yarsa gaban malamin. An ba ta dama ta sake, kuma ita ce ta ƙarshe. Ya zaɓo mata goron da ya fi kowanne kyau, ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya miƙo min makulli, ya ce ko ya roƙe ni kada in ba shi. Jiya kuwa ya roƙa. Na tarar da shi tsaye a ƙofar yana shinshina, na hana.

Ki sa ta a addu'a. Ki gaishe min da Inna, da Saminu, da Ruƙayya da jaririnta. Ki ba Inna haƙuri, goronta na bana ba zai zo ba. Shi ne a kulle, mun zuba ido muna jira ya lalace.

Taki ƙanwa,
Barakatu