Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Lahadi, 22 ga Oktoba, 2023

Ban je coci ba, karo na biyar ke nan. Da yamma Malam Filibus katikis ya biyo sawu, wai ran 19 ga watan gobe Rabaran zai zo daga Kazaure, a yi wa jarirai baftisma a haɗa da godiyar iyalai. Kowane gida za a kira, su fito da rawa har gaban bagadi. Ya ce gidana na ciki.

Na ce masa godiyar me? Ya ce, "Mama Saratu, ai an bar miki jika." An bar mini! Sai ka ce ni na ce a zaɓa.

Laraba, 25 ga Oktoba

Itacen da na tara don wankan jegon Yarinyar, 'yata, yana nan jibge a bayan ɗaki. Ko ƙirare ban taɓa ba. Da kara nake tuwo.

Ragon ma yana nan, sai ƙiba yake abinsa. Tun cikinta na wata uku na yi wa Ubangiji wa'adi: in ta sauka lafiya, ragon nan nasa ne ranar godiya. Na cika nawa, dusa da harawa ban taɓa fashi ba. Shi kuma ya ba ni jaririya ya ɗauke uwar. In ciniki ne, rabin rago ya ci. Allah ya gafarta mini, amma na rubuta, ba kuma zan goge ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Surukina Irimiya ya zo daga Gwiwa. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, ya rame kamar kara. Ya daɗe yana zane ƙasa da tsinke kafin ya ce, "Mama, sunan uwarta nake so a sa wa jaririyar. Kuma ke nake roƙo ki riƙe ta, ki faɗa wa Rabaran sunan."

Da ba suruki ba ne da na zage shi. Ya san sarai Yarinyar 'yar farina ce. Tun da na haife ta bakina bai taɓa kama sunanta ba. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka kakata, tun kafin mu san hanyar coci. "Ke" nake ce mata, in da mutane kuma "Yarinyar". Ko a littafin nan ban taɓa rubuta shi ba. Yanzu da ta tafi ne zan tsaya gaban jama'a in kwaɓa shi?

Na ce a'a. Ya ce to, ya tashi.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

'Yan Zumuntar Mata sun kawo mini ankon godiya, shuɗi mai zanen kurciya. Kowacce da ayarta a baki. Masu 'ya'ya a raye sun iya wa'azi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Talata, 14 ga Nuwamba

Jaririyar tana wajen Zaituna matar Hamma, maƙwabtanmu Fulani. Tun ranar da muka dawo daga asibiti da ita ba uwa take shayar da ita tare da ɗanta. Ni dai ina aika gero da sabulu. Ɗauka kam ban iya ba, goshin uwarta ne sak.

Yau ta shigo da ita a goye, ta zauna tana taya ni tsinke yakuwa. Ban san yadda aka yi ba na faɗa mata abin da ban faɗa wa kowa ba. A asibiti, da Yarinyar ta fara lumshe ido, nas ta ce, "Mama, kira sunanta, ko za ta ji ki!" Na buɗe baki. Abin da ya fito, "Ke! Ke!" Shi ke nan. Da "Ke" ta tafi.

Zaituna ta ajiye yakuwar. Can ta ce, "Inna, mu ma muna da kunyar nan, har mun fi ku. Amma ni ban ga wanda ta taɓa yi wa rana ba." Yarinya ƙarama da bakin manya. Na ji haushinta.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na aika wa Irimiya: zan riƙe ta, shi ya faɗi sunan. Iyakata ke nan. Rago kuma ba inda za shi.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Ban sa anko ba. Zaituna ta raka ni har bakin coci, ta kwance goyon ta miƙo mini, ta koma gindin darbejiya ta zauna jira. Jaririyar ba nauyi.

Jarirai bakwai, mu ne na ƙarshe. Rabaran ya ɗebo ruwa ya ce, "Wane suna za a kira yarinyar nan da shi?" Irimiya ya buɗe baki, sai kuka, kuka irin na yaro, har ya dafa benci. Rabaran ya sake tambaya. Na dubi abin da ke hannuna, ta lumshe ido, lumshewar nan dai da na sani.

Ba faɗar sunan na yi ba, kira na yi. Da ƙarfi, yadda ake kiran wanda ya yi nisa a gona. Har Zaituna ta ce ta jiyo daga waje. Jaririyar ta firgita ta buɗe ido ta tsala ihu, tun ruwan bai taɓa ta ba.

Da aka kira gidanmu wajen godiya ban yi rawa ba. Tafiya na yi kawai. Wata ta rangaɗa guɗa a kunnena, na harare ta.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Ban ce na gode ba, kada Malam Filibus ya yi zaton ya ci nasara. Ragon dai na ce Hamma ya ja shi ya kai coci da safe, ya ishe ni da ɓarna ne kawai.

Na ɗebi itacen bayan ɗaki na dafa ruwan wanka. Ba don komai ba, karan ne ya ƙare.

Zaituna ta ce in bar jaririyar ta kwana nan, in ta nemi nono in ƙwanƙwasa mata. Ga ta can ta motsa.

Liyatu. Liyatu ta farka, bari in je.