Sawun Kaza a Ƙarƙashin Jar Fata

Litinin, 7 ga Safar, 1324

An kama Kawu Sodangi yau da hantsi. Dogarai sun shiga gidansa na bayan Hubbare a nan Sakkwato suka fito da bindigar nan tasa mai jar fata. Tun yaƙin Satiru ake neman bindigogin da aka ƙwace wa sojojin Nasara, kuma duk wanda aka samu da ɗaya, ɗan Satiru ne a wurinsu. Kowa ya ga abin da aka yi wa mutanen Satiru a kasuwa.

Ni da nake goge bindigogi a bariki, a hannuna aka kawo ta in ajiye. Bindigar mutumin da ya rene ni, ya koya mini ajamin da nake rubuta wannan da shi. Na karɓa na ce to.

Talata, 8 ga Safar

Na dube ta da kyau. Kambin sarauniyarsu yana jikin ƙarfen, daram. Can gefe, daidai inda fata ta fara, ga alamar da muke ce wa sawun kaza, layi uku da suka haɗu wuri ɗaya. Duk abin da ke da sawun nan na gwamnati ne, ko bokiti ne. Baturen da ke bincike, wanda muke kira Dogon Wuya a bayan idonsa, ya gani ya gyaɗa kai, shi ke nan a wurinsa.

Na ce masa bakinta ya fi na bindigogin yanzu faɗi, tsohuwa ce. Ya ce har tsofaffi an rasa.

Amma akwai abin da sajan ɗin da ya koya mini aiki ya taɓa nuna mini. In gwamnati ta sayar da bindiga, sai a buga sawu na biyu, dunduniya da dunduniya da na farko, shaidar ta fita hannunsu. A ta Kawu yatsun sawun ne a waje, dunduniyar ta shige ƙarƙashin fata. Ko akwai na biyu a ciki, ko babu, Allah masani.

Laraba, 9 ga Safar

Ban iya cin abinci ba. Bara'atu matata ta ce ko tuwonta ne ya yi mini laifi. Na yi mata tsawa a banza.

Alhamis, 10 ga Safar

Goggo Hajjo, matar Kawu, ta zo gidana. Rabonta da ƙofata tun ranar da na kama aikin bariki. Ba ta zauna ba.

“Kai ad da ido ga abin ga, Maccido. Hwaɗa mini gaskiya, tasu ta?”

Na ce ban sani ba tukuna. Ta dube ni kamar na zage ta.

Ga inda na tsaya. Yanzu dattawan unguwa suna ta kai da kawo, suna cewa mutum ne mai karatu, a sassauta, wataƙila abin ya tsaya a ɗauri. In na roƙa aka yanke fatar aka ga sawu na biyu, Kawu ya fita. In aka yanke aka ga babu, ko aka ga lambar rundunar da aka karya a Satiru, to ni da hannuna na rufe bakin dattawa. Dogon Wuya bai damu ya yanke ba. Ni kaɗai na san akwai abin dubawa.

Juma'a, 11 ga Safar

Bayan masallaci na biya wurin Na'Allah baduku, don fatar ta cika ja, ba ta yi kama da tsohuwa ba. Ya ce shi ya ɗinka ta, watan jiya. Watan jiya! Bayan yaƙin Satiru ke nan. Ya ce a kan tsohuwar fata ya ɗora sabuwa, kamar yadda Kawu ya saba sa shi in ta koɗe, don akwai laya a ciki. Na tambaye shi ko tsohuwar tana manne da ƙarfe. Ya ce ɗinkinta ya saki, mai so yana iya zare ta ya sa wa wata bindiga.

Da ma ban je ba.

Kuma makon Satiru Kawu ba ya gari. Ya ce yana gonarsa ta Wamakko. Me ake yi a gona da rani haka? Astagfirullah. Ina rubutawa ina jin kunya, amma tunanin ya ƙi fita.

Asabar, 12 ga Safar

An bar ni na ga Kawu. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya fara da tambayata ko har yanzu man bindiga nake wari ko na fara wanka. Na yi masa bayanin sawu biyu, a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Ya bari na gama.

“Ubana yas saye ta hannun Azbinawa tun ba a haihe ka ba. Shi yar rubuta layag ga, yac ce kada a buɗe. Maganata ba ta ishe ka ba?”

Na ce ba ni za ta isa ba, Bature za ta isa. Ya ce ba Bature ya tambaya ba.

Tun ina yaro nake yi wa layun gidanmu dariya a ɓoye, shi ma ya sani. Ni abin da ido ya gani na yarda da shi, shi ya sa aikin nan ya karɓe ni. Yau na fito ina jin haushinsa har wuya. Mutum ransa na kan gargara yana maganar ɗinki.

Lahadi, 13 ga Safar

Zafi kamar a tanda. Na ɗauko bindigar na matsa fatar da babban yatsa ko zan ji tudun alama. Ba a jin komai sai laya.

An ce jibi za a yanke hukunci.

Talata, 15 ga Safar

Na roƙa. A gaban alƙali da dattawa da Kawu na ce a yanke. Ban dubi inda yake ba. Dogon Wuya ya ɗaga kafaɗa ya miƙo mini wuƙarsa, wai tunda ni na so.

Sabuwar fata ta tsage ba wuya. Tsohuwar baƙa ce, ta bushe, sai da na danna. Layar ta faɗo ƙasa, 'yar takarda a naɗe da zare. Ƙarfen wurin fes, ko tsatsa babu. Ga sawu na biyu, dunduniya da dunduniya. Ƙasa da shi ga shekarar da aka ƙera ta da lambobinsu, ta girme ni.

Na zauna a ƙasa a gaban manya. Wallahi kuka na so in yi.

An saki Kawu. Bindiga kuwa ba ta dawo ba. Dogon Wuya ya yi ta juya ta yana murna, wai irinta ta yi wuya yanzu, zai rataye ta a bangon gidansa can ƙasarsu. Har yana tambaya ko badukun zai mayar masa da jar fatar, ta fi kyau da ita.

Na tsinci layar na sa a aljihu kafin a taka.

Laraba, 16 ga Safar

Na je yi wa Kawu barka. Zaure cike. Ya amsa gaisuwata kamar ta kowa. Da mutane suka ragu na matsa, ina shirin ba shi haƙuri a kan fatar, na zaci ita ce ke cinsa. Ya ce fata ba komai ba ce, akuya ba ta ƙare ba a Sakkwato.

“Na gan ka sa'ad da kas sa wuƙa. Ka ruhe ido, Maccido.”

Gaskiya ya faɗa. Na rufe ɗin, don ban tabbatar da abin da zan gani ba.

Litinin, 21 ga Safar

Goggo Hajjo ta aiko da fura. Ba saƙo, fura kawai. Bara'atu ta ce in daina juya ƙwaryar ina neman alama, in sha.

Layar tana wurina har yanzu. Na kai wa Kawu ranar Juma'a, ya ce wanda ya fito da ita shi zai san inda zai sa ta. Zaren ya tsufa, ɗan ja kaɗan zai warware, kuma rubutun kakana ne, zan iya karantawa. Sau da yawa na ɗauko ta na ajiye.

Yau na kai wa Na'Allah ya ɗinke ta a sabuwar fata. Don kada gumi ya ɓata takardar ne kawai, ba wani abu ba. Ya tambaye ni me aka rubuta a ciki. Na ce ban buɗe ba.