Kurkunu Ya Hana Ni Jarrabawa

Zuwa ga Yaya Sabo,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Ingila, ya karatu, ya Yaya Rabi? Su Inna suna lafiya.

Yaya, jarrabawar shiga kwaleji ta wuce ni. Kurkunu ya fito min a ƙafa, ko tsayuwa ba na iyawa, balle zuwa Tudun Wada. Ka ce a can ruwa har ɗaki yake zuwa. Mu da aka tasa saboda dam ɗin Tiga, ruwan kududdufi muke sha, shi ya jawo min kurkunun. A littattafan soyayyar da ka aiko, yarinya na suma likita zai iso. Ni sati uku ke nan ina kwance, ba likitan da ya zo. Hedimasta ya ce baɗi shekaruna sun wuce.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Yaya Rabi, takalmin makarantar da ta aiko yana cikin akwati, ban ko gwada ba.

Ƙanwarka,
Asabe