Jan Ɗigo a Kan Murfin Kwalba

Assalamu alaikum, ƙanina. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da aiki. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka a inda kake. Mu nan muna nan yadda ka bar mu. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida, tana ta mita wai kai ka manta hanyar gida. Ta'aziyyarka ta iso, na karanta ta sau biyu. Wata uku ke nan da rasuwar baban Auta, amma har yau in agogon bango ya buga sai na waiga ƙofa.

Abin da ya sa na ɗauki biro, tsoro ne ya cika mini ciki, kuma na kasa gaya wa Inna. Ka san ciwon da aka haifi Auta da shi, wanda ya hana ta nama da madara da ƙwai. Likita ya ce akwai wani zaƙin da ba sukari ba, aspatem, da ake zubawa a lemo da magungunan yara, in ya taru a jininta ƙwaƙwalwarta yake taɓawa a hankali. Shekara shida marigayi ne ke tsare mana wannan ƙofar. Duk kwalbar da ta shigo gidan nan sai ya ɗora ta a teburin gyaran agogonsa, ya maƙala gilashin nan a ido ɗaya, ya bi ƙananan rubutun layi-layi. In babu komai, ya ɗiga jan fenti a murfin. Auta ba ta shan abin da ba ɗigo, ko ni na ba ta.

Makon jiya tari ya kama ta. Mai kemis ya ce maganin tarin da muka saba saya ya ƙare, ya ba ni wani, ya ce wannan ma ya fi, babu sukari a ciki. Ni kuwa da jin babu sukari sai hankalina ya kwanta. Na saka gilashin marigayi, rubutun ya yi manya, amma ban gane ko kalma ɗaya ba. Yarinya ta juya murfin, ta ture cokalin, ta ce, "Umma, wannan Baba bai duba ba." Ƙanina, sai na shiga ɗaki na ɗauko fentinsa na ɗiga da hannuna. Ta buɗe baki ta sha. Kwana huɗu ina ba ta, safe da yamma.

Da muka koma asibiti, nas ta karanta kwalbar, ta ce zaƙin nan yana ciki. Sun ɗebi jini, sakamako sai ranar Litinin. Ta ce kada in ɗaga hankalina, kwana huɗu ba shekara huɗu ba ne. Amma ni kallon yarinyar kawai nake yi. Jiya ta manta inda ta ajiye takalminta, sai na hau tambayarta sunanta da nawa.

Nas ɗin ce ta ba ni labarin wata 'yar na'ura da masu bincike irinku ke gwadawa. Wai wani ɗan tsinke ne da aka shafa wa sinadari irin mai narkar da abinci a cikin mutum. In aka ɗiga masa lemo ko magani, sinadarin ya ci karo da zaƙin nan, sai na'urar ta nuna. Ta ce ba ta san ko ta fito kasuwa ba. Kai da kake aiki a ɗakin gwaje-gwaje, don Allah ka tambayar mini. Gaskiya ce? Mai ƙaramin karatu irina za ta iya riƙe ta? In ba a gama ta ba, kada ka ɓoye mini don tausayi. Ka rubuto mini sunayen zaƙin nan da manyan baƙaƙe, duk yadda ake rubuta shi, in manna a bango in riƙa gwadawa harafi da harafi.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Inna da Gwaggo suna gaishe ku. Auta ta ce a gaida Kawu. Tarin bai sake ta ba, ruwan ɗumi kawai nake ba ta. Fentin kuwa na kulle shi a akwatin marigayi, ba zan ƙara buɗewa ba sai na ji daga gare ka.

Yayarka,
Maman Auta