Fitar da na yi cikin takaba

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ciwon ƙafar? Mu nan Dogon Dawa sai godiyar Allah.

Makon jiya mai unguwa ya aiko cewa gwamnati ta kawo tallafi ga waɗanda ɓarayin daji suka kore wa shanu, irin mu, amma in mai shanun ya rasu sai matarsa ta je da kanta. Da fari na ƙi, tunda ina cikin takabar Baban Sani. Surukata ta ce in je saboda marayun nan, ko a samu na sayen maraƙi. Na lulluɓe na tafi Birnin Gwari, na wuni a layi. Da aka zo kaina, sai aka ba ni buhun dusa da kanwa, wai na shanu ne. Yaya, waɗanne shanun?

Fitar nan ce ta tsaya mini a rai. Ki tambayar mini malaminku ko takabata ta ɓaci, don a nan kunya nake ji. Takabar nan kaɗai ta rage in yi wa Baban Sani.

Ki sa shi a addu'a, ki gaida Goggo.

Ƙanwarki,
Asabe