Zuwa Ga Mutumin da Ya Yi Fushi da Teku

Ya Wendell, hasken idona, zangarniyar alkamata ta gonakin Saskatchewan, inuwata a tsakar rana, mijina da ba a taɓa kayarwa a gardama ba sai Asabar ɗin can,

Ina gaishe ka daga kicin, taku goma sha biyu daga garejin da ka yi hijira zuwa cikinsa. Yau kwana tara ke nan kana gyaran injin yankan ciyawar da lafiyarsa ƙalau. Na sa takardar nan ƙarƙashin farantin abincinka, don na lura fushin naka bai kai ga cikinka ba.

Ka tuna safiyar nan, masoyina? 'Yarmu Josette ta cika shekara huɗu, muka isa bakin tekun Fundy, ruwa ya janye kamar yadda yake yi sau biyu kullum, ya bar yashi shimfiɗe iya ganin ido. Ka tsaya da rumfar tamfol a naɗe a kafaɗa, iska na kaɗa maka sauran gashin da ya rage, na rantse ban taɓa ganin namiji mai kwarjini irin naka ba. Kai da ka tashi a gona nesa da teku, ka ga fili, jinin noma ya motsa. Ka dubi jama'a sun cunkushe a gindin duwatsu, ka tausaya musu. Waɗanne irin mutane ne waɗannan, ga fili Allah Ya ba su kyauta suna matse juna?

Babana, da ya shekara arba'in yana kamun kifi a ruwan nan, ya ce maka ƙarfe biyu ruwa zai dawo. Ka dafa masa kafaɗa, ka ce ai ruwan ma da ƙyar ake hango shi. Na faɗa maka sau ɗaya, na sake faɗa, ka ce mu 'yan bakin ruwa mun cika zuzuta abu. Sai na ƙyale ka. Nan kam ina da laifi, ya sanyin raina, domin wallahi so nake in ga yadda za ta kaya.

Ka kai mu can tsakiyar yashi. Turaku goma sha takwas ka kafa, kowanne sai da ka gwada shi da ƙafa. Ka ɗaura balan-balan. Ka fito da kek ɗin da ka yini ranar Juma'a kana gasawa da hannunka, mai siffar kifi, wanda ka hana kowa taimaka maka da shi, ka ɗora a kan murfin akwatin ƙanƙara. Ruwa kuwa bai yi sallama ba, ya lallaɓo kamar kyanwa ta ga nama. Kana kunna kyandir na huɗu ya taɓa maka idon sawu.

To, ga abin da ya sa nake rubuta maka wasiƙar soyayya ba takardar sallama ba. Ba ka dubi rumfa ba, ba ka dubi kek ba, ba ka dubi wayarka ba. Ka sunkuci 'yarka ka ɗora a wuya, ka finciki hannuna, ka zuba da gudu da takalmi ɗaya. Da muka hau duwatsu muka waiga, ga kifinka can yana tafiya a kan murfi, kyandir biyu ba su ko mutu ba. Josette ta ƙyalƙyale da dariya a wuyanka har da shaƙuwa. Kowa ya dara. Babana ma ya juya baya don ya raga maka, amma kafaɗunsa sun tona shi.

Tun daga nan ka ɗinke bakinka. Da wa kake gaba, ya gwarzona? Da teku? Bai san kana yi ba. Da babana? Ya koma gida yana ba da labari, kuma kullum kyandir ɗin ƙaruwa suke yi. Da ni? Ni na saba, zan iya jira har kaka.

Wadda ba za ta iya jira ba ita ce Josette. Jiya ina taje mata kai ta tambaye ni, wai in ta ba ka haƙuri kan dariyar da ta yi, za ka dawo ka riƙa cin abinci da mu? Tun ranar Talata in abin dariya ya zo a talabijin, hannu take sawa ta toshe baki, ta waiga wajen ƙofar gareji. Shekararta huɗu, Wendell. Wannan ce kyautar da ta dawo da ita daga bikinta, kuma ba teku ne ya ba ta ba. Raina ya ɓaci, kuma ina kewarka, duka biyun a lokaci guda.

Tekun nan da ka raina, in ya tafi awa shida yake yi ya dawo. Kai kwana tara.

Ka ajiye sifanar nan ka buɗe ƙofa a hankali, don tana zaune a kan matakala ta jingina da ita. Ta ɓoye maka rabin biskit ɗinta a aljihu tun safe. Ka durƙusa ka gaya mata abin dariya ne, sannan ka yi dariyar a gabanta, ko da ta dole ce.

Taka ce ni, ruwa ya janye ko ya cika, har ranar da teku zai dawo maka da takalminka na hagu,

Odile