Gora da Inji a Ɗakin Inna

Nasarawa Burkullu

Yaya Zayyad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Tunda an katse layin waya, ga takarda ta hannun Sharu direba.

Injin turara maganin da ka aiko wa Inna ya iso. Ta ɗora shi saman jeren kwanoninta, ta lulluɓe da sabon ɗankwali. Duk wadda ta shigo sai an buɗe mata: "Zayyaduna ya aiko min." Ni kuwa da nake fama da tarinta shekara da shekaru, ban taɓa jin an ce "Husainata" ba. In ƙirjinta ya sarƙe, ni ke fesa inhela, wato maganin shaƙa, cikin gorar robar da malamar asibiti ta huda mana, Inna tana zuƙa a hankali har numfashi ya dawo. Amma wa zai nuna wa baƙi gora? Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba.

Kuma da wace wutar za mu kunna shi?

Ƙanwarka,
Husaina

Gummi

Husaina,

Wa alaikumus salam. Ina fatan Inna ta samu sauƙi.

Likita ya ce in an iya riƙe gorar, aikinsu kusan ɗaya ne. Injin na ranar da ba ta da ƙarfin zuƙa ne. Ga batir nan wajen Sharu.

Haushi kuwa ki bar min kayana. Da na zo Sallah ciwon ya tashi, na ɗauki gorar, Inna ta ture hannuna ta ce, "Kira min Husaina, ita ta san numfashina." Na koma bakin ƙofa na tsaya kamar baƙo. Abin da ya sa na nemo injin ke nan.

Allah ya saka miki da alheri.

Yayanki,
Zayyad

Nasarawa Burkullu

Yaya,

Salamu alaikum. Batir ya iso.

Jiya da hantsi ciwon ya tashi, na tsorata ƙwarai. Na kai hannu ga ɗankwalin, Inna ta girgiza kai, ta nuna gora. Da numfashi ya dawo ta ce, "Bar shi rufe. Mai shi zai kunna min da hannunshi."

Ƙarfinta na raguwa, Yaya. Ka biyo Sharu ranar kasuwa. Kai ka kunna injin, ni kuma in koya maka riƙe gora.

Allah ya kawo ka lafiya.

Husaina